Binocular, biocular, stereo da bifocal: yadda za ka bambance su kafin ka biya kuɗi a Legas

Akwai wasu kalmomin Turanci masu kama da juna da ke yawo a jikin kwalayen kaya da takardun asibitin ido: binocular, binoculars, biocular, bifocal, sai 'yan uwansu monocular, trinocular da stereo. Mai gyaran waya a Computer Village ta Ikeja, da mai gadin ɗakin ajiyar kaya a Apapa, da dattijon da ya fito daga asibitin ido a Idi-Araba da takarda a hannu, duk sai sun ci karo da su. Ruɗewa a kansu kuma kuɗi take ci. Mai gyaran wayar da ya sayo madubin duba jini domin ya ga an rubuta binocular a kwalin, ya sayi abin da ba zai yi masa aiki ko sau ɗaya ba, kuma mai shagon bai yi masa ƙarya ba.

Me ido biyu suke yi wanda ɗaya ba ya yi

Fara da gwaji a inda kake zaune. Miƙa hannu, ɗaga babban yatsa, saita shi da wata falwaya mai nisa. Rufe idon hagu, sannan ka buɗe shi ka rufe na dama. Za ka ga yatsan yana tsalle daga wannan gefe zuwa wancan. Abin da ya kawo haka shi ne tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idanunka, wadda a wajen babban mutum takan kai milimita 63 a matsakaici, yawancin mutane kuma suna tsakanin 54 da 74. Kowane ido daga tasa kusurwar yake kallo, don haka hotuna biyu ne mabambanta suke isa ƙwaƙwalwa. Ita take haɗa su, kuma daga ɗan saɓanin da ke tsakaninsu take gane abin da ke gaba da wanda ke baya.

Likitocin ido sun raba wannan aiki gida biyu. Binocular vision shi ne idanu biyu su yi aiki tare a kan abu ɗaya. Stereopsis kuwa shi ne ribar da ake samu daga nan, wato ganin zurfi da kauri. Mutum zai iya samun idanu biyu masu gani garau amma babu stereopsis, idan ba sa haɗuwa a wuri ɗaya. Faɗin abin da idanu biyu ke gani daga gefe zuwa gefe ya kai kusan digiri 200, amma wajen digiri 120 na tsakiya ne kawai dukkansu suke gani tare, kuma a nan kaɗai wannan zurfin yake samuwa. Charles Wheatstone ne ya fara bayyana lamarin dalla-dalla a Ingila a 1838, da wata na'ura mai madubai da ke nuna wa kowane ido nasa zanen.

Asalin kalmomin ma ya nuna bambancin. Binocular daga Latin take, bini wato bibbiyu, da oculus wato ido. Stereo daga Girkanci take, ma'anarta abu mai kauri, mai jiki. Saboda haka alkawarin da "bino" ke yi maka ɗaya ne: za ka sa ido biyu. Zancen ko kowane ido zai ga hotonsa daban, wannan alkawarin "stereo" ne.

Idan kana son jin aikin stereopsis a jikinka, riƙe biro biyu, ɗaya a kowane hannu, ka rufe ido ɗaya ka gwada haɗa bakinsu da sauri. Sau da yawa za su saɓa. Mai ido ɗaya ba ya rasa sanin nisa gaba ɗaya, yana dogara da girman abu da inuwa da motsin kai, amma aikin kusa mai buƙatar ƙwarewa kamar zura zare a allura ya fi yi masa wuya.

Ƙirga abu biyu a jikin kowace na'ura

Kowace na'urar kallo tana da gilashin gaba mai fuskantar abin da ake kallo, wanda ake rubutawa objective, da wurin ɗora ido na baya, wanda ake rubutawa eyepiece ko ocular. Mu kira na bayan maleƙi. Sunan na'ura yawanci daga yawan maleƙanta ake ɗauko shi, zurfi kuwa daga yawan hanyoyin da haske ke bi daga gaba yake zuwa. Ƙirga su biyun daban-daban kafin ka yarda da rubutun kwali.

Monocular maleƙi ɗaya ne da hanya ɗaya, rabin madubin hangen nesa ke nan, yana shiga aljihu. Kada ka haɗa shi da monocle, tabaran nan mai gilashi ɗaya wanda Turawa suke maƙalawa a ido a zamanin da.

Binoculars mai "s" a ƙarshe suna ne na na'urar da muke ce wa madubin hangen nesa: gilasan gaba biyu, maleƙai biyu, hanyoyi biyu cikakku. Idan ka ga "a pair of binoculars" a shafin sayayya, guda ɗaya za a kawo maka, kada ka zauna jiran na biyu. Binocular marar "s" siffa ce, ana liƙa ta ga gani, ga madubin ɗakin gwaji, ga duk abin da ya shafi ido biyu, kuma ita ce ta fi yaudara.

Biocular, wadda harafin "n" kawai ya raba ta da binocular, tana nufin maleƙai biyu amma hoto ɗaya: haske ya shigo ta gilashin gaba guda, a ciki aka raba shi biyu. Na'urar ganin dare ta sojan Amurka mai suna PVS-7 haka take. Idanu suna hutawa domin ba a runtse ɗaya, amma babu zurfi. Masu sayarwa a intanet sukan rubuta ɗaya a madadin ɗaya bisa kuskure, don haka duba hoton kayan ka ƙirga gilasan gaba.

Trinocular ba ta mai ido uku ba ce, bututu na ukun na kyamara ne. Bifocal kuma ba ta cikin wannan dangi sam, za mu zo kanta wajen zancen tabarau.

Idan gyaran waya kake yi

A nan ne aka fi yin asara. Madubin ƙara girma iri biyu ne, kuma dukkansu suna zuwa da maleƙai biyu. Na ɗakin gwaji, wanda ake rubutawa compound ko biological, gilashin gaba ɗaya yake amfani da shi a lokaci guda, sai a raba hasken zuwa idanu biyu. Shi ake duba jini da shi don neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro: gilashin 100x da ɗigon mai, a haɗa da maleƙi 10x, a sami girma sau 1000. Jinin da aka shafa a gilashi shimfiɗaɗɗe ne, ba ya buƙatar zurfi. Mai gyaran fanel, wato allon cikin waya, kuwa yana buƙatar sanin ko bakin ƙarfen narka dalma ya taɓa ƙafar ayisi (IC, ɗan ƙaramin kayan lantarki da ke liƙe a fanel) ko yana sama da ita, wannan kuma sai iri na biyun, stereo microscope, mai ba kowane ido tasa hanyar haske.

Tafi shago da tsohon fanel da ɗan hantsaki, ka bi waɗannan matakai.

1. Leƙa ƙasan na'urar. Idan akwai faifai mai juyawa ɗauke da gilasai uku ko huɗu masu rubutun 4x, 10x, 40x, 100x, ga fitila tana haskowa daga ƙasa, na ɗakin gwaji ne, ajiye shi. Tazarar da ke tsakanin gilashin 100x da abin da ake dubawa ba ta kai rabin milimita ba, hannu ma ba zai shiga ba balle ƙarfe mai zafi.

2. Ɗora fanel ka saita. Rufe ido ɗaya, sannan ɗayan. A stereo na gaskiya hoton zai ɗan gusa, za ka riƙa hango gefen wani ƙaramin abu da ido ɗaya fiye da ɗayan. Idan hotunan biyu ba su da wani bambanci ko kaɗan, hanya ɗaya ce aka raba.

3. Tura hantsakin zuwa dama. A stereo dama zai tafi. A na ɗakin gwaji hoton a juye yake, sai ka ga ya yi hagu.

4. Gwada riƙe saiti. Mayar da zoben kowane maleƙi kan sifiri, kai girman ƙarshe, ka saita da babban makunnin gefe. Sauko zuwa mafi ƙaranci ba tare da taɓa makunnin ba, ka gyara kowane ido da zobensa. Koma sama. Idan hoton ya tsaya garau a duk tafiyar, na'urar tana da lafiya. Idan kullum sai ka sake saiti, za ta wahalar da kai a kan aiki.

5. In trinocular ne, nemi ɗan sandan da ake ja a gefen kai. A wasu, da ka ja shi domin kyamara ta samu haske, ido ɗaya zai yi duhu, ka rasa zurfin da ka biya kuɗi dominsa. Wanda aka rubuta wa simul-focal shi ne yake barin idanu biyu da kyamara su yi aiki lokaci ɗaya. Mai koyar da yara a shago ko mai nuna wa kwastoma aiki a allo, shi ya kamata ya nema.

Samfurin da ya fi yawa a teburan masu gyara shi ne 7x zuwa 45x, mai tazarar aiki kusan milimita 100. Idan ka ɗaura masa ƙarin gilashi mai rubutun 0.5x a ƙasa, girman zai koma 3.5x zuwa 22.5x, tazarar kuma ta kai kusan milimita 165, iskar zafi ta samu wurin shiga. Ƙarin amfaninsa shi ne yana tare hayaƙin dalma, ya zauna a kansa maimakon gilasan ciki masu wuyar gogewa. Yawancin aikin liƙi bai wuce 20x ba, kada manyan lambobi su ɗauke maka hankali. Ƙananan na'urorin nan masu allo da ake rubuta wa 1000x ko 1600x kyamara ɗaya ce kawai, hotonsu a shimfiɗe yake. Suna da amfani wajen neman tsatsa ko karyayyen layi, amma liƙi da su sai wanda hannunsa ya riga ya saba ƙwarai.

Idan madubin hangen nesa kake nema

Lambobi biyu ne a jikinsa, misali 8x42. Na farko yawan kusantowa ne: abin da ke mita 80 zai zama kamar yana mita 10. Na biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita. Raba na biyu da na farko, ka sami faɗin hasken da ke fitowa zuwa idonka: 8x42 yana ba da milimita 5.25, 7x50 kusan 7.1, 10x25 kuwa 2.5 kacal. Da rana ƙwayar ido takan tsuke zuwa milimita 2 ko 3, don haka ƙaramin ma ya wadatar. Da magariba takan buɗe zuwa kusan 7 a wajen matashi, wajen dattijo kuma ba ta cika wuce 5 ba. Shi ya sa mai gadin dare da mai neman jinjirin wata suke son 7x50 ko 10x50, mai kallon tsuntsaye a Lekki Conservation Centre kuma 8x42 ya ishe shi. A cikin kwale-kwale kada ka wuce 7x, domin duk girgizar ruwa ninka ta madubin yake yi. A ƙasa ma, fiye da 10x ko 12x hannu ba ya riƙewa cak, sai da mariƙi mai ƙafa uku.

A shagunan Alaba ko Ikeja ko a intanet za ka ga ƙananan madubai masu rubutun 60x60 ko fiye. Ɗauki rula ka auna gilashin gaban, sau da yawa bai kai abin da aka rubuta ba, ƙarfinsa ma haka. Masu jan gilashi da ake cewa na ganin dare ne, jan fentin rage haske yake yi, ba ya ƙara shi. Na'urar ganin dare ta gaskiya tana da batir.

Siffar madubin hangen nesa iri biyu ce. Akwai mai kafaɗa, wanda gilasan gabansa suka fi maleƙan nisa da juna, ana ce masa Porro da sunan Ignazio Porro na Italiya da ya yi rajistar tsarin a 1854. Akwai miƙaƙƙe mai bututu biyu a jere, ana ce masa roof. Mai kafaɗa ya fi nuna zurfi, domin tamkar an faɗaɗa tazarar idanunka ne, kuma idan kuɗi kaɗan ne a hannu shi ya fi ba da hoto mai kyau, saboda miƙaƙƙen yana buƙatar aiki mai tsada kafin ya yi daidai.

Kafin ka biya, riƙe shi nesa da fuska ka fuskanci sararin sama, ba rana ba, ka dubi ɗigon hasken da ke cikin kowane maleƙi. Ya kamata ya zama da'ira cikakkiya. Idan gefunansa sun dusashe ya yi kamar murabba'i, gilashin ciki mai araha ne irin BK-7, ba BaK-4 ba. Sannan ka saita shi da idonka: lanƙwasa shi a tsakiya har da'irori biyu su zama ɗaya, rufe gilashin gaba na dama da murfinsa ka saita na hagu da makunnin tsakiya, sai ka rufe na hagu ka saita na dama da zoben maleƙinsa kaɗai. Da murfi ake rufewa, runtse ido yana canza saitin ɗayan. Mai tabarau ya naɗe robar maleƙi ƙasa, ya nemi wanda aka rubuta eye relief, wato tazarar ido da maleƙi, milimita 15 ko fiye.

Gwajin da ya fi kowanne shi ne na daidaiton bututun biyu. Kalli wayar lantarki ko bakin rufin kwano mai nisa, ka janye madubin a hankali kamar taƙi ɗaya daga fuskarka, idanu biyu a buɗe. Idan layin ya karye, na wannan gefe ya fi na wancan tsawo, gilashin ciki ya goce, galibi saboda faɗuwa. Ƙwaƙwalwa za ta yi ta kokawar haɗa hotunan, cikin mintuna kaɗan ciwon kai ya taso. Gyaransa ya fi ƙarfin yawancin shaguna, bar shi kawai.

Mai duban wata ya jira sai rana ta faɗi gaba ɗaya kafin ya ɗaga madubi zuwa yamma. Kallon rana ta cikinsa na ɗan lokaci kaɗan yana ƙona bayan ido, kuma lahanin zai iya zama na dindindin. Wajen ajiya kuma, laimar Legas da iskar teku suna haifar da fumfuna a cikin gilashi, ta yi zare-zare har ta ci rufin gilashin. Kada ka bar shi a jakarsa cikin durowa duk damina. Sa shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi, kana fito da shi yana shan iska.

A takardar asibitin ido

OD idon dama ne, OS na hagu, OU duka biyun. Wasu asibitocin RE, LE da BE suke rubutawa. Idan an sa 6/6, ka karanta daga mita 6 abin da lafiyayyen ido ke karantawa daga mita 6.

Diplopia shi ne ganin abu ɗaya ya zama biyu, kuma a nan bambancin monocular da binocular zai iya zama na ceton rai. Rufe ido ɗaya, sannan ɗayan. Idan da ido ɗaya a buɗe har yanzu biyu kake gani, monocular diplopia ne, matsalar a cikin wannan idon take, kamar yanar ido ko bushewar ido ko buƙatar tabarau. A je asibiti, amma ba a guje ba. Idan kuwa da ka rufe kowanne daga cikinsu abin yake komawa ɗaya, binocular diplopia ne: idanun ba sa fuskantar wuri ɗaya, kuma laifin yana iya zama na jijiyoyin da ke juya su. Ciwon suga da hawan jini suna kawo shi, shanyewar ɓarin jiki da kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ma haka. In ya zo farat ɗaya, musamman tare da ciwon kai mai tsanani, ko saukar fatar ido, ko nauyin harshe, ranar za a tafi sashen gaggawa na babban asibiti kamar LUTH a Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja. Faɗa wa likita sakamakon gwajin rufe idon tun kafin ya tambaya.

Yaro mai harara-garke, wanda za a rubuta wa strabismus ko squint, ba ya cika kukan ganin biyu, domin ƙwaƙwalwarsa watsi take yi da hoton ido ɗaya. Idan aka bar shi, idon zai yi rauni, shi ne amblyopia, ganin zurfi kuma ba zai ginu ba. Magani ya fi ci kafin shekara bakwai ko takwas, don haka maganar "zai daina in ya girma" ba abin dogaro ba ce.

Sai bifocal. "Bi" ɗin nan ƙarfi biyu yake nufi a cikin gilashi ɗaya, sama na nesa, ƙasa na karatu. Mai ido ɗaya ma zai iya sa shi. Wajen shekara 40 ido yakan fara kasa karanta ƙananan rubutu, sai a rubuta ADD a takarda, wato ƙarin ƙarfi domin karatu, yawanci tsakanin +1.00 da +3.00. Progressive ko varifocal aikinsu ɗaya da shi, sai dai babu layi a tsakani, ƙarfin a hankali yake sauyawa.

Duba wurin da aka rubuta PD, wato tazarar ƙwayoyin ido. Idan lamba ɗaya ce kamar 63, binocular PD ne, daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Idan biyu ne kamar 31 da 32, monocular PD ne, daga tsakiyar karan hanci zuwa kowane ido. Fuska ba ta cika zama daidai wa daida ba, kuma hanyar karatu a gilashin progressive siririya ce, kuskuren milimita biyu ya isa ya sa rubutu ya riƙa dusashewa. Idan progressive za a yanka maka, ko ƙarfin tabaranka babba ne, ka ce a auna kowane ido daban, kuma a auna tsayin da firam ɗin da ka zaɓa a fuskarka.

Ranar karɓa, sa tabaran ka dubi madubi: layin bifocal ya kamata ya zauna daidai gefen fatar ido ta ƙasa. In ya hau sama zai riƙa tare maka hanya, in ya yi ƙasa sai ka ɗaga haɓa kafin ka karanta. Gwada kowane ido shi kaɗai, sannan biyun tare. Idan ɗaiɗai garau ne amma tare kana jin ana jan idonka, a sake auna PD kafin ka bar shagon. A makon farko kuma, wajen sauka daga bene ko gadar masu tafiya a ƙasa irin ta Oshodi, sunkuyar da kai gaba ɗaya ka kalli matakala ta saman gilashin, domin ɓangaren ƙasa an yi shi ne don abin da ke kusan santimita 40 daga ido, matakala kuwa ta fi haka nisa.